Iska Ta Ƙoshi

Hadari ya taso ta wajen Galma tun hantsi,
ya tsaya bisa birni kamar mai bin bashi,
bai zuba ba, bai tafi ba.
Ni ina zaure, farar shadda a cinya,
aska takwas, jibi mai ita zai aiko.

Allura tana sulɓewa.
Na goge yatsu a wando, na kama,
ta sake sulɓewa.
Wani ɗigo ya taru a ƙarshen hancina
yana neman wuri mafi fari ya sauka.
Na kau da kai, ya faɗa kan tabarma.
Na fari ke nan, ƙannensa suna tafe.

Watan jiya ai rana ta fi haka fushi.
Kwalta har laushi take a Ƙofar Doka,
amma gumi kan fito ya tashi nan take,
ya bar zanen gishiri a wuyan taguwa,
ya bar mutum sakayau.
Ran nan randar Inna Kande,
wadda ta bari a gindin lemo,
ruwanta sai da ka kurɓa a hankali
don kada haƙori ya amsa.

Yau na zura moɗa na ɗebo:
ɗumi, kamar an surka na wankan jariri.
Na shafa jikin randar, sharkaf.
Ashe ita ma gumi take,
nata ma ya ƙi tashi.

Ƙetaren lungu Malam Barau mai wanki
ya yi shanya tun asuba.
Ya taɓa hannun riga, ya yi tsaki,
ya juya ta, ya sake taɓawa.
Fanka a samana ta buɗe fikafikai uku,
an ɗauke wuta, ta zama ado.

Ladidi ta dawo daga Samaru,
hijabi manne da baya.
Ta dube ni, ta dubi moɗar da na ture.
"Baba, kada ka ga laifin randa.
Iska ce ta ƙoshi.
Ta sha a Kubanni, ta sha a gonakin rake,
ta iso nan ciki tim.
Miƙa wa ƙosasshe tuwo, ai hannunka ne zai gaji.
Ba fitowar gumi ke sanyaya jiki ba,
tashinsa ne.
In ya tashi, ya goya zafi ya tafi da shi.
In ya zauna, ku dahu tare."

Na ce to, kuɗin makaranta bai faɗi ƙasa banza ba.
Ta yi dariya, ta ciro mafici daga bayan ƙyaure,
tana korar ƙosasshiyar,
ko a dace da mai sauran yunwa.
Kaɗan kaɗan, wuyana ya fara jin labari.

Na yi shiru da allura a hannu.
Damina uku ke nan da muka kai Inna,
kullum ni ke cika randarta,
ban yarda kowa ya gusar da ita ba,
ban kuma taɓa zama na ba yarinyar nan labarinta ba.
Wani abin ma a ƙirji yake tsatsafowa,
ya rasa iskar da za ta ɗauka.

Na ce, "Ladidi, kin san a kai ta ɗauko randar nan
tun daga kasuwa, tana da cikina?"
Mafici ya tsaya.
"A'a, ci gaba da fifita, ina ba ki."

Sai la'asar sakaliya ganyen lemo ya motsa.
Barau ya ruga yana kwashe shanya,
rabi a kafaɗa, rabi a ka.
Iskar ta shigo ta ƙarƙashin taguwa,
ta karɓi abin da ke bayana tun safe.
Na ninke shadda, saura aska biyu.
Ko ya zuba, ko ya wuce Giwa,
gobe da sassafe zan ɗanɗana randar.