Baƙaƙe Talatin da Ɗaya

Ƙarfe biyun dare a Agege.
Janareton Baba Rasaki ya yi tari ya mutu,
nawa kaɗai ke gurnani a bayan shago.
Ina zaune gaban kwamfutar da na harhaɗa
da gawarwakin wasu uku daga Ikeja,
ina gyaran fim ɗin da ba ni na yi ba.

Jirgi ne mai keta taurari.
Na datse surutu, na cire wata soyayya marar gishiri,
amma rubutun jikin bangon jirgin
shi ya hana ni barci.
Ado ne kawai,
an watsa shi kamar tsaba ga kaji,
ba ya cewa komai.
Wai waɗanda suka ƙera jirgi haka
ba su da abin gaya wa juna?

Na gwada sa Hausa a wurin.
Na'ura ta ga ƙ, ta ba ni akwati.
Ta ga ɓ, akwati.
Sunan 'yata Ɗayyaba
ya fito da kwantena a ka, kamar tirelar Apapa.

To, rashin uwa akan yi uwar ɗaki.
Na sayi littafi da biro ja.

Layi biyu baƙaƙe na jikin danfo, na ce ku ne da.
Lanƙwasar doguwar gada a kan ruwa, ke ce ra.
Ƙugiyar mahautan Oko-Oba,
wadda ake rataye cinyar sa,
ita na naɗa sarautar ƙa.
Tsagar kumatun kakata, uku nan uku can,
ba sai an faɗa ba, tsa ce.
Wasula na aro wajen ajami,
ɗigo sama, ɗigo ƙasa,
zan mayar in an tambaya.
Guda ɗaya ma ban san sautinsa ba,
kyau kawai ya yi mini, na bar shi ya zauna.

Wata huɗu ina liƙa su hoto bayan hoto,
ashirin da huɗu a kowace daƙiƙa.
In kyamara ta karkata, su karkata.
In hayaƙi ya wuce, su dushe.
Sau biyu wuta ta cinye mini aikin mako,
na zagi wanda ban sani ba, na sake.

Ran Asabar muka rataya farin zanen gado.
Masu acaɓa suka cika benci,
Ɗan'azumi mai shayi ya rufe tukunya ya zo.
Allon matuƙi ya yi ja, baƙaƙena na gudu a kai,
matuƙi na zufa.
Wani ya ce, kai, yaren mutanen sama!
Na danne dariya:
farashin kwandon tumatir ne a Mil Sha Biyu.

Sai babbar ƙofar jirgi ta taso,
rubutu fari a goshinta.
Ashe Ɗayyaba ta daɗe tana satar littafina
tana haddacewa a ƙarƙashin gidan sauro.
Ta miƙe, yatsa a sama,
tana haɗa baƙi kamar mai tsallaka kwata:

In-na,
ki yi ha-ƙu-ri,
i-na nan ta-fe da sal-la.

Benci ya yi tsit.
Ɗan'azumi ya san shekara uku ke nan
da aka yi mini waya daga Malumfashi,
motar dare ta kai ni bayan an dawo daga maƙabarta.
Ya sunkuyar da kai yana gyara hula.

Ƙofar ta buɗe, taurari suka zubo a kan zanen gado.
Yarinyar ta ja hannun rigata:
Baba, a haƙuri ka manta ƙugiya.

Na ce na gani.
Gobe in an kawo wuta.