Matakala Ɗari da Arba'in da Huɗu

Ni na ƙirga su da kaina,
ina 'yar shekara tara,
a hunturu na biyu da aka kife Sarajevo
kamar ƙwarya a kan ɗan tsako,
ana ta ƙwanƙwasa ta daga kan duwatsu,
sai dai ba don ya farfaɗo ba.

Famfo ya ƙafe. Lantarki ya zama labari.
Mun ƙona kujeru, mun ƙona ƙofar banɗaki,
mun fara kallon takalman Baba.

Esad da can jirgin ƙasan cikin gari yake tuƙawa,
kafin a babbake masa shi a kan layi.
Bai haɗa jini da kowa ba a benenmu.
Abin da ya mallaka tari ne,
da hula mai kunnuwa,
da takalmin hagu mai shan ruwa.
Kullum da jijjifi zai ɗaure jarka shida
a kan katakon sulun yara,
ya ja shi bisa ƙanƙara
har rijiyar kamfanin giya, hayin kogi.

Tsakani akwai gada.
Sama da gadar akwai wata taga,
a tagar akwai wani ido
da ba ya tambayar sunan kowa.

Na ce, Kawu, kana gudu in ka zo gadar?
Ya ce, in na yi gudu ai ruwan zai zube.

Jarka ɗaya ta mai jego ce a hawa na biyu.
Ɗaya ta malamin lissafi da ƙafa ta mutu.
Biyu namu, don Baba yana bakin daga.
Biyun ƙarshe yakan ɗauka a hannu
ya hau da su har hawa na tara,
yana tsayawa a na shida
tari ya gama da shi tukuna.

Can Radmila take, ita kaɗai da agogon bango.
Ana raɗe-raɗin ɗanta yana kan dutse
cikin masu yi mana ruwan wuta.
Tuni aka daina gaishe ta.

Ranar nan Mama ta tare shi a matakala,
muryarta na rawa:
Uwar mai harbinmu kake shayarwa?
Ya ajiye jarkokin, ya murza yatsunsa da suka sandare.
Ya ce, Safeta,
ƙishirwa ba ta da ɗa a kan dutse.

Tsohuwar ta ba shi zobe, ya ƙi.
Ta ba shi sukari ƙwaya uku a ƙullin hankici,
ya kawo mini biyu, ya mayar mata da ɗaya.

Wata Talata, rana ta yi tsaka, shiru.
Can da la'asar katakon ya dawo.
Wani yaro ne ya jawo shi, ba mu san shi ba,
bai yarda ya haɗa ido da kowa ba.
Jarka biyar cike.
Ta shidan da huda biyu,
ta shiga da ta fita.

Ba wanda ya yi kuka a lokacin.
Mama ta daɗe tana duban igiyar.
Sai ta gyara ɗankwali,
ta sunkuya, ta kama jarka biyu,
ta wuce ƙofarmu ba ta ko waiwaya ba.
Na bi ta ina ƙirgawa.
A hawa na shida ta tsaya,
ba don ta gaji ba.

Ɗari da arba'in da huɗu.
Radmila ta buɗe ƙofa.
Ba mu ta kalla ba.
Bayanmu ta kalla, matakalar,
har ruwan ya daina motsi a cikin jarka.

Yau shekaruna sun zarce nasa kwalta da yawa a zuciya,
ko da ba su kai ba a ƙirge.
Ba titin da ke ɗauke da sunansa,
ko hotonsa ba ni da shi.
Amma in 'yata ta bar famfo yana zuba,
nakan taso daga ɗaki da sauri in rufe,
in tsaya riƙe da kan famfon,
ina sauraron matakala.