Gwiwar Hagu

Takardu biyu na shimfiɗa bisa akwatin Inna,
fitila na rawa, iskar daji na marin bukkar ulu.
Ɗaya daga Ulanbato, tambarinta shuɗi,
ɗaya daga Koriya,
inda aka ce filin gudu ma rufi gare shi.

Baba Tsogtbayar na zaune bakin murhu,
ya miƙe ƙafar hagu kamar iccen da ruwa ya yasar.
Shekara goma sha ɗaya yana kokawa a bikin Nadam,
har aka yi masa laƙabi da Shaho.
Ranar da gwiwar ta yi ƙara, ƙas,
babu likita a fili,
sai wani tsoho da tsumma da nonon goɗiya.
Tun daga ranar
ta gefen da ba a hawa yake hawan doki,
yara na dariya, shi ma yana taya su.

Na ce masa ilimin jijiya da ƙashin 'yan wasa nake so.
Ya ce, "Saruul, yanzu wasa ma sai da digiri?"

Ƙanena Temuulen ya zauna da waya yana lissafi.
Ta Koriya ta yafe kuɗin karatu,
tana da na'urar da ke leƙa cikin gaɓa
ba tare da an tsaga fata ba,
amma harshensu sai na koya daga baƙi da wasali,
kuma shekara huɗu ba zan ga haihuwar tumaki ba.
Ta Ulanbato kwana ɗaya ce a mota.
Hayaƙin gawayi ke shaƙe ta da sanyi,
kayan aikinta sun girme ni,
kuɗinta awaki arba'in duk shekara.
Amma can ne 'yan kokawarmu ke faɗuwa,
can gwiwoyin da na sani suke.

Inna ba ta ce uffan ba.
Leɓenta kawai na ga yana motsi,
na san awaki take ƙirgawa,
ta cire waɗanda sanyin bara ya kashe.

Dare ya raba, Baba ya ce, "Zo ki taɓa."
Na durƙusa, na danna inda littafi ya nuna mini,
ƙashin ya zame gaba kamar aljihun tebur.
Ya ja numfashi ta haƙora.
Shekara ashirin ban taɓa jin ya ce da zafi ba,
daren nan ya faɗa, a hankali,
don kada Inna ta ji.

Sannan ya ce, "A fagenmu, in an kai zagaye na uku,
manya ke nuna wanda za su kara da shi.
Ni kullum nuna ni ake yi.
Yau ga ki, biyu sun tsaya suna jiran yatsanki.
Kada ki nuna don sauƙi,
kada kuma ki nuna don ni.
Wannan ƙafa ta riga ta sha kayenta."

Ban yi barci ba.
Na warware zare ja daga bakin mayafina,
na auna kewayen gwiwar yana minshari,
na ƙulla, na sa a aljihu.

Waya ba ta kamawa sai a kan tudu.
Da asuba ya ɗaura sirdi da kansa,
ya zagaya, ya hau ta gefensa,
ya miƙo mini hannu.
A sama, raɓa ta daskare kan ciyawa,
garken ya koma kamar gishirin da aka watsa.
Na buga amsa da yatsun da suka sandare,
na aika wa mai nisa.

Bai tambaye ni wacce ba.
Ya dubi gabas, ya daɗe,
ya ce mu sauka, ba a tatsi goɗiyoyi ba.