Abin da Kankare Ke Rufewa

Mun sauka a bakin Panteka
hantsi bai gama dubar ludayi ba,
ni da Malama Tabawa, jakarta a hammata.
Shekara talatin da biyar na alli da allo
an dunƙule mata su a takarda ɗaya ta banki.
Ɗaki biyu take so a saman shagonta na Rigasa,
wai don ta tsufa tana jin sawun jikoki bisa kanta.

Nalado ya tarbe mu da fara'ar 'yan kasuwa,
ya aika yaro ya kawo ruwan leda.
Ga rodi tsibi biyu kwance a ƙasa
kamar rake ranar da mota ta sauke.
"Wannan sha biyu, wancan ma sha biyu,
sai dai wancan akwai rangwame."
Na ga idon Malama ya bi rangwamen.
Ban ga laifinta ba:
siminti ya riga ya ci rabonsa,
mai tifar yashi kuwa bai san sabo ba.

Na tsuguna.
Ni ba injiniya ba ne, ba ni da takarda a bango,
kantar hannuna ce ta yi karatun.
Na ɗaga na rangwamen, ya taso da sauri
kamar yaron da ke jiran aike.
Rodin kirki sai ya yi maka nawa,
sai ka ce bismillah kafin ya bar ƙasa.
Na zaro ma'auni daga aljihu,
sha biyun nan goma ce da 'yan kai.
Na bi tsawonsa da tef,
ƙafa arba'in ta ɓatar da uku a hanya.

Na ce a yanko mini guntu-guntu.
Na zura a bututu, na danna da ƙirji.
Na farko ya yi ruku'u, bayansa sumul.
Na biyu ya ce ƙas,
ya wage baki a gwiwa,
cikinsa gari-gari kamar ƙuli-ƙuli.

"To, jan nan da ke jikin naka fa?" in ji Malama.
Na ce, wannan gaisuwar damina ce,
burushi ke sallamarta.
Tsatsar da ke ɓarewa kamar ɓawon albasa,
ita ake gudu.

Abin da ban faɗa mata ba:
akwai wani bene a Kurmin Mashi.
Shekara goma sha ɗaya ke nan.
Mai gidan ya kawo siririn, na gani, na yi gum,
matata na kwance asibiti, kuɗin aiki na leƙo ni.
Na ɗaure shi da waya tsaf-tsaf,
aka zuba kankare, ya rufa mana asiri.
Yau barandar ta sunkuyar da kai,
an tokare ta da icen turare biyu,
yara na langa a ƙarƙashinta.
In aiki ya kai ni unguwar
ta bayan layi nake bi.

Malama ta juya rasit, ta ciro biro,
ta yi lissafi irin na aji huɗu, da ajiye ɗaya.
Ta sake yi.
"Kuɗin ɗaki ɗaya ke nan, Jatau."
Ban ce komai ba.
Can wani maƙeri yana dukan tukunya,
mun ji bugu kusan ashirin.
"To, ɗaya," in ji ta.

Nalado ya ce na cika ƙaƙale,
ya kira a-kori-kura yana ƙunƙuni.
Muka ɗaura jan ƙyalle a wutsiyar kayan,
tana jan kwalta, tana tartsatsi har gadar jirgi.

Gobe zan fara yankan ringi.
Zan bar kawunan rodi a tsaye bisa ginshiƙai huɗu,
su jira ɗaki na biyu, ko baɗi, ko baɗin baɗaɗa.
A mota ta riƙe jakar da ta saɓe, ta ce,
"Jikokin su matsu. Mu ma a matse muka girma."