Gwiwa a Ƙasa

Bas ɗin shida da rabi ta Grimsby
tana warin jiƙaƙƙun riguna da kifin jiya.
Nakan sauka fitilun titi ba su mutu ba,
abincina a leda, kati rataye a wuya:
Declan, ɗan koyo.

Ran farko Madam Pickersgill ta dube ni sama da ƙasa.
Ta ce, "Ka yi tsawo.
Ba laifinka ba ne, amma sai ka gyara."
Ta nuna dardumar ɗakin 'yan shekara biyu.
"Duk abin da za ka faɗa a nan, daga can zai fito."

Na durƙusa.
Ashe ƙarƙashin tebur gida ne mai ƙofa huɗu,
mariƙin ƙofa yana can sama kamar wata,
manya kuwa gwiwoyi ne masu murya.

Na koyi tsaga inabi a tsaye,
don maƙogwaron yaro bai fi ɗan yatsansa faɗi ba.
Na koyi ƙirga kawuna a bakin ƙofa,
in sake ƙirgawa a filin yashi,
in ƙirga cikin barci, in tashi da goma sha ɗaya,
gabana na faɗuwa, ina laluben na sha biyu cikin bargo.

Alhamis ranar kwaleji ce.
'Yar tsanar roba a kan tebur, ba ta numfashi.
Yatsu biyu a ƙirjinta, danna, danna, hura.
Malama tana duban agogo,
ni ina ƙoƙarin kada in sa wa robar sunan kowa.

Babana shekara ashirin yana yankan kifi a masana'anta.
Ya ce, "Wai wasa da yara ake biyanka?"
Na ce, "Kaɗan ake biya."
Ya dubi shuɗin fenti a wandona,
da majinar ɗan wani a kafaɗata,
bai ƙara ba. Ya turo mini sauran dankalinsa.

Sai Kacper.
Wata uku bai ce uffan ba,
ba da harshenmu ba, ba da na gidansu ba.
Kullum yana jikin taga,
takalmin hagu a ƙafar dama,
yana jiran jar motar uwarsa.
Na kawo kumfa. Na kawo jirgin ƙasa na katako.
Na yi kukan agwagwa har muryata ta dishe.
Madam ta ce, "Ka cika masa kunne. Zauna kawai."

Na zauna.
Zama ashe aiki ne, har ya fi wanke kashi wuya.
A littafin lura an hana ni zato,
abin da ido ya gani kaɗai ake rubutawa.
Talata: ya taɓa gilashi.
Laraba: ya ci burodi, ya bar ɓawon.
Litinin: ya matso taku ɗaya, ko ni ne na matsa.

Wata Juma'a ana yayyafi,
dodon koɗi ya hau gilashin ta waje.
Ya ja hannun rigata, bai ko dube ni ba,
ya faɗi kalma guda, ta gidansu,
mai santsi kamar abin da take nufi.
Na maimaita, na kwafsa.
Ya yi dariya, ya sake faɗa a hankali,
yadda ake yi wa wanda bai da saurin ganewa.

Ban iya rubuta ta ba.
Da yamma na miƙa wa uwarsa biro a bakin ƙofa.
Ta rubuta, hannunta na rawa,
ta riƙe littafin fiye da yadda kalma ɗaya take bukata.

An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
Na zo da zaton ni ne hannun.

Mai jarrabawa za ta zo wata mai zuwa
da takardarta mai layi-layi.
Wandona na uku ke nan da ya huje a gwiwa.
Na sayi na huɗu jiya. Gobe akwai fenti.