Akwatin da Ba Ya Cikin Zane

Shekara ashirin da uku ni ke buɗe ofishin nan,
Birnin Kebbi, saman bene, bayan tashar masu zuwa Jega.
Ina gane fayil tun ban karanta ba:
na gado da tabon lalle a kusurwa,
na gona da busasshiyar laka.

Sai Barista Luba ta dawo daga kwas
da kwamfuta da jan alƙalami.
Ta manna kwali a bango, ta ce,
"Malam Sahabi, in mutum ya shigo, me ake yi?"
Na ce, a gaisa.
"Daga nan fa?"
Na ce, a sake gaisawa.
Ta yi dariya, ba ta rubuta ba.

Kwana uku tana tatsata:
wa ke karɓar kuɗin buɗe fayil,
wa ke buga takardar rantsuwa,
wa ke kai wa magatakarda, wa ke jiran hatimi.
Duk abin da na faɗa ya zama akwati,
kibiya ta fito daga wannan ta soki wancan.
Na ga aikin rayuwata a kwali,
bai kai faɗin dardumar salla ba.

Ba zan yi ƙarya ba, abin ya yi.
Takardar haya da ke cinye mini wuni
yanzu kafin shayi ya huce ta fito.
In zaman kotu ya rage kwana uku
waya ta yi ƙara a aljihun mai ƙara.
Littafina mai baƙin bango
na tokare ƙafar teburi da shi.

Sai shari'ar Baba Magawata,
fadamar shinkafa, can wajen Kalgo.
Saƙo ya tafi, allo ya nuna an isar.
Ranar Talata aka kira sunansa sau uku,
benci babu kowa.
Lambar ta jikansa ce,
jikan yana Yawuri yana su,
wayar ma ta faɗa ruwa tun damina.
Na sani. Ba a tambaye ni ba,
babu akwatin da ke wannan tambaya.

A da, goro biyu nake ba direban Kalgo,
ya faɗa wa mai nama,
mai nama ya faɗa wa ladan,
ladan ya tare tsoho bayan Asuba.
Bai taɓa makara ba.

An ɗage sai bayan girbi.
Da yamma Barista ta daɗe gaban kwalin,
alƙalami a baki.
Tsakanin "aika saƙo" da "an gama"
ta cusa ɗan akwati a karkace, don babu fili:
"A tambayi Sahabi."

Na ji daɗi, har tsire na saya.
Da dare lissafi ya hana ni barci:
saura shekara biyu in miƙa makulli.

Yau da safe na ɗaga teburin, na zaro littafin,
na ce ta buɗe sabon gurbi.
Ina faɗa, tana bugawa:
wane ba ya karatu,
wance sai bayan La'asar, tana awo a kasuwa,
wane in ya ce "to", bai yarda ba ke nan.
Muna kan mutum na sha ɗaya aka ɗauke wuta.
Ta jawo takarda, ta ce, "Ci gaba."
Teburin yana ta rawa.