Dutsen Layi na Sha Ɗaya

Mastro Vitantonio ba ya gaisuwa da safe.
Yakan tsaya a gindin zaitun,
ya ɗaga kai ya dubi rufin gidanmu
kamar mai duba haƙoran akuya a kasuwa,
sannan ya ce, "Cosima, hau."

Na hau.
Daga ƙoli ana ganin kwarin Itria har ƙarshensa,
fararen gidaje, kowane da hular dutse mai tsini.
Ɗaki ɗaya, hula ɗaya.
In iyali ya ƙaru, a ƙara hula a gefe.
Namu uku ne da rabi,
rabin na jaki ne, wanda ya mutu tun ba a haife ni ba.

Babu siminti a nan, babu laka, babu ƙusa.
Dutse ne bisa dutse,
kowane ya ɗan sunkuyar da goshi waje
don ruwa ya zame, ya bi indararo,
ya faɗa rijiyar da ke ƙarƙashin ƙafarmu.
Tsofaffi kan ce an yi su haka ne
domin in an hango mai karɓar haraji tafe
a rushe, ya tarar da tulin duwatsu
da mutane zaune suna ɓare wake.
Mastro ya tofar da yawu.
"Gwada rushe wannan kafin rana ta take, mu gani."

Muka yi ta cirewa ɗaya bayan ɗaya,
muna jerawa a ƙasa yadda za su koma.
Ƙarƙashinsu ƙwan ƙadangare,
tsohuwar sheƙa,
da ƙwallayen zaitun da wani ɓera ya tara bai dawo ba.

A layi na sha ɗaya, gefen arewa,
ya tsaya cak, ya kira ni da haɓa.
Dutse guda, faɗin tafi biyu,
ya kwanta a juye, goshinsa na kallon ciki.
"Kakanki Oronzo ya ɗora layin nan.
Na san saransa, bahago ne."

Shekara sittin da ɗaya!
Duk lokacin ruwa
Kaka Addolorata na ajiye kwano mai shuɗin baki
kusa da ƙafar gado.
Ta zargi iskar teku.
Ta zargi idon matar maƙwabci.
Ta kunna kyandir a coci ba adadi,
ta biya aka zana alama da farar ƙasa a rufin.
Ko sau ɗaya ba ta zargi mijinta ba.
Shi kuwa yana kwance, hannu ƙarƙashin ƙeya,
yana jin ɗis, ɗis, ɗis,
sai ya ce, "Ai gidan dutse dole ya yi numfashi."

Na ce, "Ya sani?"
Mastro ya ɗaga kafaɗa.
"Kowane magini ya san inda ya yi ƙarya."

Ni na ɗaga dutsen.
Cikinsa kore ne, sumul,
ruwa ya ci masa hanya kamar tsagar fuska.
Na juya shi, na ɗan ƙwanƙwasa da guduma,
ya zauna daram,
kamar dama can abin da yake jira ke nan.

A Nuwamba ruwa ya sauko, kwana uku cur.
Ina kwance a gadonsu, bayan labule,
ina sauraro.
Shiru.
Barci ya ƙi zuwa har ƙararrawar asuba.

Pasquina ta bugo daga Bari,
ta ce mu faɗaɗa taga, mu sa banɗaki a ɗakin jaki,
baƙi za su biya da kyau a bazara.
Na ce zan yi tunani.

Kwanon yana nan inda yake.
Jiya na yi tuntuɓe da shi cikin duhu,
na sunkuya, na mayar da shi
daidai da'irar da ya bari a daɓe.